Gamba da Ƙarangiya: Tarihin Ciyawar Ƙasar Ruma

 Maƙalarmu ta wannan mako a kan ciyawa take, ko haki kamar yadda muke cewa a Katsina. Na san wani zai ce, duk tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe da ke jibge a ƙasar nan a rasa abin ɗauka sai ciyawa? A yi haƙuri a biyo ni. Tarihin da zan kawo ya faro daga bayan gidanmu, ya ratsa dajin Ruma, ya ƙetare teku har Ostareliya, sannan ya dawo gida.

Akwai wani ɗan fili a bayan gidanmu a Dutsin-Ma, bai wuce taku ashirin a kowane gefe ba. Burina shi ne in ga ya yi kore, yara su samu wurin wasa, da la'asar a shimfiɗa tabarma. Damina uku a jere ina faɗa da ƙarangiya a wurin. Kowace kaka sai in sa hauya in kankare shi tas, in tara in cinna wuta, in koma ɗaki ina jin na gama da ita. Ruwa na sauka sai ta dawo, ta bana ta fi ta bara. Yara suka daina zuwa wurin, don duk wanda ya shiga sai ya fito wandonsa cike da ƙaya.

A shekara ta uku ne kawuna ya zo daga Kurfi, ya same ni ina wannan aiki. Ya daɗe a tsaye yana kallona, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, ka cire, to me ka sa?" Na ce, "Kawu, ai sai na gama da wannan tukuna." Ya yi dariya ya ce ƙasa ba ta zama tsirara, in ban tufatar da ita ba za ta nemi tufafinta da kanta. Daga nan ya shiga ba ni labarin ƙuruciyarsu, lokacin da gamba ke ɓoye mahayin doki a hanyar Kurfi zuwa Ruma. Wannan magana ce ta sa na fara bin diddigin inda gambar nan ta tafi.

Su wane ne gamba da ƙarangiya?

Bari mu fara gabatar da su, kamar yadda marubuci ke gabatar da taurarin labarinsa.

Gamba ciyawa ce mai dogon rai. Ba ta mutuwa da ɗaukewar ruwa. Samanta ne ke bushewa, gindin yana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Tana da saiwoyi iri-iri: ƙanana a sama-sama masu tsotse yayyafin farko, masu kauri da ke ajiye abinci, da dogaye masu nutsawa neman laima. Shi ya sa take jure rani mai tsawo, kuma ita ce ke fara tsattsafo kore a bazara, daidai lokacin da shanu suka fi galabaita. Tsawonta kan kai mita uku, wani lokaci har huɗu. Da ita ake saƙa zana, da zana ake danga da rumfa, kuma manoman da suka san hannunsu sukan dasa ta a kan iyakar gona. Iyakar gamba ba ta tashi cikin dare, tana tare iska, tana riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe. Masana kimiyya suna kiranta Andropogon gayanus.

Ita kuwa ƙarangiya 'yar shekara ɗaya ce. Tana tsirowa da ruwan farko, ta yi sauri ta fitar da kai, ta zubar da iri, ta mutu. Duk dabararta tana cikin ƙayar nan mai maƙalewa. Jelar saniya, gashin tunkiya, bakin zanen mai itace, duk motocinta ne na kyauta. Ba a ce ba ta da amfani ba: dabbobi suna cinta tun tana ɗanya kafin ta yi ƙaya, kuma a shekarun yunwa mutanen sahel sun sussuka ta sun ci tsabarta. Sai dai inda duk ka ga ta cika wuri ita kaɗai, to alama ce ƙasar ta sha wuya.

Tsakanin waɗannan biyu akwai sauran dangi, irin su kyasuwa da burburwa da harƙiya, waɗanda su ma 'yan shekara ɗaya ne amma dabba na son su. Can ƙarshen layi kuma akwai tafasa da garmani, waɗanda ba ma ciyawa ba ne, ganyaye ne da shanu ba su cika kula su ba.

Dajin da yaƙi ya tsare

Wanda ya san yammacin Katsina ya san yadda masarautun wannan yanki suke jere: Yandaka a Dutsin-Ma, Maraɗi a Kurfi, Yarima a Safana, Sarkin Ruma a Batsari. Yamma da su kuma dajin Rugu ne, wanda ya miƙa har ƙasar Zamfara.

A ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne. Bayan da masu jihadi suka karɓi birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, kuma daga can suka riƙa kawo hari shekara da shekaru. Ta cikin dazuzzukan Ruma da Rugu mahara suke bi. A wannan fage ne sunaye irin su Ɗanbaskore na Maraɗi da Ɗanwaire na Ruma suka shahara. Mutane suka tattaru a garuruwa masu ganuwa, suka bar daji ga namun dawa.

Muna da shaidar wani baƙo da ya gani da idonsa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bar Katsina a watan Maris na 1853 zai tafi Sakkwato. Saboda hanyar yamma ba ta da tsaro, ayarinsu ya karkato kudu ta Kuraye da Kurfi da Zakka. Ya yi bayanin yadda mutanen Kurfi suka kewaye garinsu da ganuwa da ramuka don tsoron mahara. Wani abin lura shi ne, Barth ya san ƙarangiya sarai, har da sunanta na Hausa ya ambace ta, domin ta gallabe shi tun yana ratsa ƙasashen da ke arewa da mu. Ke nan ƙarangiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tana nan tun fil azal, sai dai a wancan lokaci tana da iyaka.

A farkon shekarun 1890 kuma annobar bushiya ta ratso Afirka, ta kashe mafi yawan shanun ƙasar Hausa. Fulani da dama suka wayi gari ba su da ko saniya ɗaya. Bala'i ne babba ga mutane, amma daji ya samu hutun da bai taɓa samu ba. Yaƙi ya hana noma, annoba ta rage kiwo. Gambar da kakanninmu suka buɗe ido suka gani tana haɗiye mahayin doki, waɗannan musibu biyu ne suka yi mata gadi.

Zaman lafiya da kuɗin gyaɗa

Turawan Ingila sun shigo Katsina a 1903. Hare-haren Maraɗi suka tsaya, mutane suka fara fita daga bayan ganuwa suna kafa ƙauyuka da unguwanni a cikin daji. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ga kuma haraji da dole sai da kuɗi ake biyansa. Kowa ya ɗauki gatari. Daga baya garmar shanu ta shigo, mutum ɗaya ya iya noma abin da a da sai gayya. Allurar rigakafin dabbobi ta sa garkuna suka farfaɗo. Gona tana ƙaruwa, shanu suna ƙaruwa, daji yana raguwa.

Tun a shekarun 1930 aka fara kuka. Wani masanin daji Bature mai suna Stebbing ya yi ta gargaɗin cewa Sahara tana gangarowa kudu, har gwamnatocin Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya zagaya iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai yarda cewa hamada ce ke tafiya da ƙafarta ba. Ya fi ɗora laifin a kan yadda mutane suke sarrafa ƙasa. A ƙarƙashin dokokin daji na zamanin mulkin mallaka ne hukumomin En'e suka riƙa keɓe gandayen daji, kuma cikin waɗanda aka keɓe a lardin Katsina akwai na Ruma da Kukar Jangarai.

A can kusa da Zariya kuma, an buɗe gonar dabbobi ta Shika a 1928, wadda a 1976 ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Masu bincike a Shika sun daɗe suna gwada ciyayi na gida da na waje, kuma gamba tana cikin waɗanda suka fi gamsar da su ga ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu. A riƙe sunan Shika, za mu sake haɗuwa da shi.

Gwajin Runka

Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki batun wuraren kiwo da muhimmanci. A shekarun 1960, tare da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, aka mayar da gandun dajin Ruma da Kukar Jangarai wurin gwajin kiwo na zamani. Shi ne aikin da mutane suka fi sani da sunan Runka, garin da ke ƙasar Safana. Yana cikin irinsa na farko a Nijeriya. A 1965 kuma aka kafa dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa.

Tsarin yana da kyau a takarda. A raba daji kashi-kashi. A riƙa kiwo a wani kashi ana hutar da wani, don ciyawa ta samu ta yi iri. A gina madatsun ruwa don dabbobi su samu mashaya. A share hanyoyin tare gobara. A sake shuka ciyawa a inda ƙasa ta ƙwaƙule. A kawo likitan dabbobi kusa, a samar wa matan Fulani kasuwar nono. An yi da yawa daga cikin waɗannan, kuma dattawan yankin har yau suna tuna zamanin.

To me ya hana shi ɗorewa? Dalilan suna da yawa, amma uku sun fi fitowa fili.

Na farko, an kwaso tsarin ne daga manyan gandayen kiwo na Amurka, inda mutum ɗaya ke da fili, shi ke da shanu, shi ke da shinge. A can in mai gandu ya hutar da wani yanki, shi zai ci amfanin hutun. A nan kuwa daji na kowa ne. Makiyayin da ya haƙura ya janye shanunsa daga yankin da aka ce a hutar, da safe sai ya ga baƙon garke daga wata ƙasa yana kiwo a ciki. Wa zai sake haƙura?

Na biyu, ruwan da aka kawo don gyara shi ya jawo wata ɓarnar. A da rashin ruwa ne ke korar garkuna su yi kudu da rani, daji ya huta. Da aka samu madatsai, shanu suka zauna shekara cur, wasu kuma suka ƙaru daga nesa. Kewayen kowace mashaya ya zama tamkar filin idi saboda tattaki.

Na uku, babu mai riƙon amana na dindindin. Baƙin ƙwararru suka gama wa'adinsu suka tafi. A 1967 aka rushe Jihar Arewa, yankin ya koma Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sauya wa suna zuwa Kaduna a 1976, sannan aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon hakimai da dagatai, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta mayar da filaye hannun gwamnoni da ƙananan hukumomi. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Talakawa sun ji daɗin wannan, kuma suna da hujja, domin an sha zaluntar su wajen karɓa. Sai dai jangali shi ne igiyar da ta ɗaure hukuma da makiyayi: saboda shi ake ƙidaya shanu, saboda shi ake sanin ardo da rugarsa. Da igiyar ta tsinke ba a ɗaura wata a madadinta ba.

Yadda ƙarangiya ta ci gari

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga yadda bangon ya tsage.

Gamba tana jure fari, tana jure wuta, amma ba ta jure a yi ta cin ta ba hutu. Duk lokacin da ta tofo aka gwaigwaye, sai ta ciro daga abincin da ta ajiye a saiwa ta sake tofowa. In aka ci gaba da haka shekara da shekaru, ajiyar ta ƙare, gindin ya mutu. Ga masu zana kuma suna yanke abin da ya tsira tun kafin irinsa ya nuna. Da gamba ta kau, kyasuwa da burburwa suka maye gurbin. Su ma da yake dabba na son su, ana cinye su kafin su zubar da iri. Wa ya rage? Wadda ƙayarta ke kare irinta, wato ƙarangiya, sai kuma tafasa da garmani da baki bai cika taɓa su ba. In abin ya ƙara gaba, sai ƙasa ta daskare ta zama faƙo, ruwa ya sauka ya gudu, zaizaya ta tsaga kwazazzabai.

Sai ga farin 1972 zuwa 1974, wanda ya fi tsanani a 1973. Shekara goma bayan haka wani farin ya dawo a 1983 da 1984, ga bushiya ta sake ɓarkewa a lokaci guda. Garkuna daga Nijar da arewacin Katsina suka kwararo kudu neman abin da za su ci. Ciyawa mai dogon rai da ta riga ta raunana ba ta iya tashi ba a wurare da dama. A 1983 ɗin ne kuma aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa kusa da Dutsin-Ma. Ruwan ya amfani jama'a, amma fadamun da ya shanye, da waɗanda aka mayar lambunan rani, a da can su ne mafakar shanu in rani ya tsananta.

Jama'a kuma ba su daina ƙaruwa ba. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum kimanin miliyan 3.7, ta 2006 ta ba ta miliyan 5.8. Kowane sabon magidanci yana bukatar gona. Aka ci gefen gandun daji, aka matse burtali, aka nome mashaya. Har gambar kan iyaka ba ta tsira ba, domin wani yana ganin taku biyun da ta tare ya isa kunya guda ta gero.

Ba zan ce rashin ciyawa ne ya haifar da ta'addancin da ya addabi Batsari da Safana da Kurfi da Dutsin-Ma a 'yan shekarun nan ba. Wannan masifa tana da iyaye da yawa: rashin adalci, satar shanu, yaɗuwar makamai, talauci, sakacin hukuma. Amma duk wanda ya zauna da dattawan manoma da na makiyaya zai ji cewa tun kafin a ji ƙarar bindiga an daɗe ana rigima a kan burtali da ɓarnar gona. Abin takaici, dajin da yaƙi ya hana shiga a zamanin Barth, yau ma tsoro ne ya hana shigarsa.

Gamba a ƙasashen waje

Yanzu mu koma Shika. A 1973 aka ɗauki irin gamba daga can aka kai cibiyar binciken noma ta CIAT da ke ƙasar Kolombiya. Aka gwada ta a filayensu masu ƙasa mai tsami, inda ciyayi da yawa suke gazawa, ta yi kyau. A 1980 aka fitar da ita ga makiyayan Kolombiya da sunan Carimagua 1, a Burazil kuma da sunan Planaltina. Ciyawar da muke tattakewa a nan ta zama abin kiwata shanun Kudancin Amurka.

Labarin Ostareliya ya fi wannan ban mamaki. Tun a shekarun 1930 aka kai gamba can don gwaji, daga baya aka fitar da wani nau'i mai suna Kent, aka yi ta shuka shi a arewacin ƙasar a shekarun 1980. Ko suna ba su sauya mata ba, gamba suke kiranta har gobe. Sai dai ta tarar da wata duniya dabam. Fili ga shi ba iyaka, shanu kaɗan ne a kan faɗin ƙasar, babu mai saƙa zana, babu mai yankan ciyawa ya kai kasuwa. Ta tsallake shinge ta bi gefen hanyoyi ta shiga daji. Yau ta mamaye fiye da hekta miliyan ɗaya a yankin da ke kudu da birnin Darwin da kewayensa, har cikin gandun dajin Litchfield.

Babbar matsalarsu gobara ce. Ciyayinsu na asali gajeru ne, wutarsu takan bi ƙasa ta wuce ta bar itatuwa. Gamba kuwa ta ninka su tsawo da kauri, kuma ba ta bushewa sai can ƙarshen rani. Masu bincike sun auna sun ga zafin wutarta yana iya ninka na ciyawarsu har sau takwas. Tana kama kan itatuwa ta kashe su, ta cinye gidaje, ta jefa 'yan kwana-kwana cikin haɗari. A 2008 hukumomin arewacin ƙasar suka ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa, a 2012 kuma aka sa ta cikin jerin miyagun tsirrai na ƙasa baki ɗaya. Gwamnatin yankin tana raba maganin feshi kyauta ga masu filaye, har runduna ta musamman aka kafa don yaƙi da ita. Kyasuwa ma ta bi sahu, ita ma tana cikin ciyayin da suka dame su.

Ku duba wannan lamari. Mu muna neman gamba ido rufe, su suna kashe kuɗi don su rabu da ita. Mu kuma bishiyar turare da muka jera a matsayin shingen tare hamada, daga ƙasarsu ta fito. Abincin wani gubar wani. Ciyawar ɗaya ce, halinta bai sauya ba. Abin da ya bambanta shi ne hannun da ke kanta: a nan ya yi yawa, a can ya yi kaɗan.

Darasi daga Maraɗi

'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka sun riga mu gane wani abu. A jihar Maraɗi garmani ya cinye wuraren kiwo da burtulla masu yawa. Shekaru da dama ana biyan mutanen ƙauye su fito su tuge shi. Inda aka tsaya a tugewa kawai, shekara na zagayowa yake dawowa, domin irinsa na kwance a ƙasa kuma babu mai yi masa kishiya. Inda aka ga canji shi ne inda aka tuge shi kafin ya yi iri, aka farfasa ƙasar, aka watsa irin burburwa da kyasuwa da gamba, sannan mutanen gari suka naɗa masu gadi, suka amince a tsakaninsu cewa babu dabbar da za ta shiga sai ciyawa ta zubar da iri. A ƙasar Maraɗin nan ne kuma, tun daga shekarun 1980, manoma suka rungumi dabarar barin kututturan itatuwa su sake tofowa a cikin gona, abin da ya mayar da miliyoyin hekta kore a kudancin Nijar. Sirrin duka biyun ɗaya ne: wanda ya yi wahalar ya tabbata shi zai ci amfanin. Wannan tabbacin ne makiyayin Runka bai samu ba.

Komawa bayan gida

Na bi shawarar Kawu. Da na duba sai na ga kuskurena a fili yake. Ina bari sai kaka, bayan ƙarangiya ta gama zubar da ƙaya, sannan in kankare wurin. Ashe share mata fage nake yi.

A damina ta huɗu na sauya. Da ta tsiro na bar ta ta kai kamar tsawon yatsa, na tuge ta da hannu tun ƙasa na da laima. Bayan mako biyu wata ta fito, na sake tugewa. Ban yi noma mai zurfi ba, don kada in tono irin da ke binne. Na zuba takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin dabbobi shi kansa yana ɗauke da irin ciyawa. A watan Yuli, da ruwa ya zauna, Kawu ya aiko mini da gindin gamba daga iyakar gonarsa. Na rarraba shi na dasa a jikin katanga, taku ɗaya tsakanin kowane biyu. Dashe ya fi shuka tabbas, saboda irin gamba yana da gashi, iska na kwashe shi, kuma da yawansa ba ya tsirowa. Mai son shukawa sai ya cuɗa shi da yashi, ya rufe shi sama-sama. A tsakiyar filin kuma na dasa jijiyoyin kiri-kiri, wadda ke yaɗo ta rufe ƙasa. Na yi haka ina sane da cewa kiri-kirin nan da nake lallashi ita ce mai lambu a bakin Zobe yake tsine wa.

Aiki mafi wuya shi ne tsaro. Sai da na yi shingen ƙaya saboda awaki, na kuma sha rigima da yara har da mutanen gida, waɗanda ba su ga dalilin hana tumaki ciyawar da ke bayan ɗaki ba. Shekarar farko ban yanki ko tsinke ba. Ƙarangiya ta dawo a shekara ta biyu, amma tsilli-tsilli, na bi ta na tsince kafin ta yi kai. Da yake ba ta da gindi mai rai, in ka hana ta iri shekara biyu zuwa uku ƙarfinta ya kare. Bana na yanki gambar da ta isa zana biyu.

Fili mai taku ashirin ba dajin Ruma ba ne. Ni kaɗai ke da iko da shi, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya sa na yi nasara a inda babban aiki mai kuɗin gwamnati biyu ya gaza. Cirewa ita ce mafi sauƙi. Shukawa ta fi ta wuya. Amma wanda ya fi duka wuya shi ne a zauna a yarda a kan wa zai tsare, wa zai haƙura, wa zai ci amfani. Duk ranar da zaman lafiya ya dawo yammacin Katsina, in sha Allahu, wannan tambaya tana nan tana jiran manomi da makiyayi da hukuma.

Gare mu marubuta

Sau da yawa mukan rubuta cewa jarumi ya shiga daji, ya ratsa ciyayi. Waɗanne ciyayi? In gamba ce ta rufe shi, mai karatu ya san ƙasar tana da rai kuma akwai wurin ɓuya. In ƙarangiya ce ta cika masa wando, an san ƙasar ta gaji. In tofa ce ta soke shi a ƙafa, an san ya kusa fadama. Sunan ciyawa ɗaya yana iya gaya wa mai karatu wuri da lokaci da halin da mutane ke ciki. Dattawan da suka san waɗannan sunaye, suka kuma ga dajin da idonsu, suna ta ƙarewa.

Don haka ga aikin wannan mako. Kowa ya samu wani dattijo ko dattijuwa a garinsu, ya tambaye su ciyayi biyar da suka sani a ƙuruciya waɗanda yanzu ba a ganin su, da abin da ake yi da kowace, da abin da ya tsiro a gurbinta. A rubuta da sunayen da ake kiran su a yankin, ko da sun saɓa da na Kano ko na Katsina. Wanda kuma ya san zamanin Runka, ko iyayensa suka yi aiki a can, muna roƙon ya ƙara mana haske, ya gyara mana inda muka yi tuntuɓe.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya a dazuzzukanmu da garuruwanmu. Sai mako mai zuwa.